Man Keɓewa a Addinin Kirista: Yadda Ake Haɗa Shi da Dalilan Sauya Haɗinsa

Gabatarwa

A yawancin majami'un Kirista na duniya akwai wani mai da ake adanawa cikin 'yar kwalba ko tulun azurfa, ana shafa wa mutum a goshi ko a hannu yayin baftisma, ko naɗin firist, ko addu'a ga marar lafiya. Shi ne ake kira man keɓewa ko man shafewa. Kalmar Almasihu kanta ta samo asali ne daga Ibrananci, ma'anarta kuwa wanda aka shafa wa mai, kuma ita ce aka juya zuwa Girkanci ta zama Kiristos, inda sunan Kirista ya fito. Ma'anar wannan mai ta fuskar ibada aikin malaman addini ne. Abin da ya shafe mu a wannan maƙala shi ne ilmin da ke cikin haɗa shi: ta yaya ƙanshi ke barin itace ya shiga mai, me ya sa aka zaɓi man zaitun, kuma me ya tilasta wa majami'u sauya haɗin sau da dama a tarihi.

Haɗin farko da matsalar lissafi

Haɗin da ya fi kowanne tsufa yana cikin Littafin Fitowa, sura ta 30. An ambaci kayan ƙanshi huɗu da nauyinsu: mur shekel 500, kirfa shekel 250, kara mai ƙanshi shekel 250, kashiya shekel 500, sai man zaitun ma'auni ɗaya da ake kira hin. Mur ƙaro ne da ke tsatsowa daga jikin wata bishiya mai ƙaya ta ƙasashen Somaliya da Habasha da Yaman, dangin itacen dashi da muka sani a ƙasar Hausa. Kirfa da kashiya ɓawon itatuwa ne 'yan gida ɗaya. Game da kara mai ƙanshi, masana ilmin tsirrai sun kasu: wasu sun ce wani tsiron fadama ne mai saiwa mai ƙanshi, wasu kuma sun ce ciyawa ce dangin nobe da tsaure.

To, bari mu yi lissafi. Shekel ɗaya ya kai kimanin giram 11 da 'yan kai, saboda haka shekel 1,500 ya tasam ma kilo 17. Hin kuwa an ƙiyasta shi da lita 4, wasu suka kai shi lita 6. Duk wanda ya taɓa kwaɓa gari ya san cewa idan aka zuba garin itace kilo 17 a cikin mai lita 4, garin zai shanye man ƙaf, a tashi da dunƙule maimakon abin shafawa. Malaman Yahudawa na dā sun lura da wannan matsala, har suka tattauna ta a cikin littafinsu na Talmud. Bayanin da wasunsu suka bayar shi ne, ana fara jiƙa kayan ƙanshin a ruwa har su ƙoshi, sa'an nan a zuba man a kai ya ɗauki ƙanshin, daga baya a yaɗe shi. Itacen da ya riga ya sha ruwa ba shi da sauran gurbin shan mai, ga shi kuma mai ya fi ruwa rashin nauyi, don haka sai ya taso sama inda za a iya kwashe shi.

Ya kamata a sani cewa majami'un Kirista ba wannan haɗi suke bi kalma da kalma ba. Sun ɗauki tushensa, wato man zaitun da ƙanshi, kowace kuma ta gina nata a kai.

Yadda ƙanshi ke shiga mai

Ƙanshin kowane tsiro yana fitowa ne daga wasu ƙananan ƙwayoyin sinadari masu saurin tashi su bi iska. Ƙanshin kirfa, alal misali, galibinsa daga sinadari guda ne mai suna sinamaldehaid. Akwai wata ƙa'ida da ɗaliban kimiyyar haɗa sinadarai suka sani, cewa kowane abu ya fi narkewa a cikin mai kama da shi. Ƙwayar ruwa tana da ɓangarori biyu masu caji mabambanta, shi ya sa gishiri da sukari ke narkewa a cikinta. Ƙwayar mai kuwa dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin waɗanda ba su da irin wannan rabuwar caji, kuma yawancin sinadaran ƙanshi haka suke. Saboda haka idan suka samu zaɓi tsakanin ruwa da mai, man suke bi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Uwargida da ta soya albasa a man gyaɗa domin wake da shinkafa, ta tsame albasar ta bar man da ƙanshinta, wannan ƙa'idar ta yi aiki da ita. Mai yana da wata fa'ida ta biyu: shi kansa ba ya tashi ya bi iska, sai ya riƙe ƙwayoyin ƙanshin yana sakinsu a hankali. Wannan ne ya sa turaren mai ya fi turaren fesawa daɗewa a jiki.

Zafi yana gaggauta aikin, amma yana da haɗari, domin idan ya yi yawa sai ƙanshin ya gudu, man kuma ya yi ƙauri. Masanin tsirran nan na Girka, Tiyofarastus, ya rubuta tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa masu haɗa turare suna ɗora tukunyar mai ne a cikin ruwan zafi don kada wuta ta taɓa ta kai tsaye. Hikimar ita ce, muddin akwai ruwa yana tafasa, zafin ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos ba.

Me ya sa man zaitun?

Dalili na farko shi ne wuri. Zaitun shi ne man yau da kullum na ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, da shi ake girki, da shi ake kunna fitila, da shi ake wanke miki. Dalili na biyu yana cikin sinadaransa. Kowane mai yana lalacewa idan iskar oksijin ta kai farmaki ga wasu gaɓoɓi masu rauni a sarƙar kabon ɗinsa, waɗanda ake kira ɗauri biyu. Sakamakon haka shi ne warin tsohon mai da maƙaƙin da yake sa wa a wuya. Tsakanin kashi 55 zuwa 83 cikin ɗari na man zaitun asid ɗin oleyik ne, mai irin wannan gaɓa guda ɗaya tak. Man waken suya da man angurya kuwa sun fi yawan asid ɗin linoleyik, mai gaɓoɓi biyu, wanda oksijin ke cinyewa da sauri ninkin-ba-ninkin. Bugu da ƙari, man zaitun na matsar farko yana ɗauke da bitamin E da wasu sinadarai masu ɗaci da ake kira folifenol, waɗanda ke tare oksijin kafin ya yi ɓarna.

Duk da haka babu man da ba ya tsufa. Haske da zafi da iska, da taɓa ƙarfe ko tagulla, duk suna gaggauta lalacewarsa. Dokokin Cocin Katolika na shekarar 1983 sun umarci firist ya yi amfani da man da bishop ya keɓe kwanan nan, kada ya koma ga tsoho sai bisa larura. Ilmin sinadarai ya goyi bayan wannan tsari na sabuntawa kowace shekara.

Yadda manyan majami'u ke haɗawa

A Cocin Katolika iri uku ne ake keɓewa: man masu shirin baftisma, man marasa lafiya, da kuma kirisma. Biyun farko zallan mai ne, kirisma kaɗai ake sa wa ƙanshi. Bishop ne ke keɓe su a gaban firistocinsa a wata babbar addu'a ranar Alhamis da ke gabanin Ista, ko wata rana kusa da ita, daga nan kowane fada ya ɗauki rabon majami'arsa. Haka ake yi a Roma, haka ake yi a Kaduna da Jos da Maraɗi.

Majami'un Otodoks na Gabas sun fi ɗaukar dogon aiki, suna kuma kiran nasu miron. A fadar babban limamin Otodoks da ke Santambul ana haɗa shi kusan duk bayan shekara goma. An yi a 1992 da 2002 da 2012 da 2022. Kayan haɗin sun haura hamsin. Ana dafa man zaitun da ruwan inabi da saiwoyi da ƙaro iri-iri a manyan tukwane daga Litinin zuwa Laraba ta makon da ke gabanin Ista, ana juyawa ana karanta nassosi, sai ranar Alhamis a keɓe shi. Ruwan inabin yana da aiki na zahiri: ruwan da ke cikinsa yana hana man ƙonewa, kamar dai yadda muka bayyana a sama. Mayukan ƙanshi masu saurin tashi kuwa sai an sauke tukunya ta huce ake zuba su.

Cocin Armeniya yana haɗa nasa a birnin Ecmiyazin, bisa al'ada duk bayan shekara bakwai, da furanni da tsirrai sama da arba'in, ana kuma kwana arba'in ana addu'a a kansa. An yi a 2015, sai kuma a 2024 bayan jinkiri.

Tsohon mai cikin sabo

Armeniyawa da Kibɗawan Masar da sauran majami'un Gabas suna da wata al'ada ta zuba ragowar tsohon mai a cikin sabo, domin kada silsilar ta yanke. Kibɗawa suna kamanta wannan ragowa da yisti. A nan akwai darasin lissafi mai kyau ga aji. Lita ɗaya ta man zaitun tana da nauyin kimanin giram 910, wanda ya yi kusan daidai da mol ɗaya, wato ƙwayoyin mai da yawansu ya kai lamba 6 da sifiri 23 a bayanta. Mu ƙaddara cewa a kowane haɗi tsohon mai shi ne kashi ɗaya cikin goma na sabo. Kowane haɗi zai goge sifiri ɗaya ke nan. Bayan haɗi goma, kowace lita tana da sauran ƙwayoyin man farko da suka kai 6 da sifiri 13, wato tiriliyan 60. Bayan haɗi 23 saura kimanin shida kacal. Ɗalibi zai ga abu biyu a nan: tsananin ƙanƙantar ƙwayar sinadari, da kuma saurin da maimaita sirki ke rage abu. Su masu wannan al'ada ba da ƙidayar ƙwayoyi suke auna ta ba. Alama ce a wurinsu ta haɗuwar zuriya da zuriya.

Sauyi na farko: bishiyar da ta ƙare

Shekaru aru-aru, ƙanshin da ake sa wa kirisma shi ne balsam, ƙaron wata bishiya dangin mur wadda aka noma a Jariko da En Gedi, daga baya kuma a wani lambu a Matariyya kusa da Alƙahira. Yana da tsada ƙwarai, kuma zuwa farkon ƙarni na 17 bishiyoyin lambun Matariyya sun mutu. Kafin nan Sifaniyawa sun tarar da wata bishiya dabam a tsakiyar nahiyar Amurka mai ba da ƙaro mai ƙanshi irin na banila. A 1571 Paparoma Piyus na Biyar ya ba da izinin amfani da shi. Ana kiransa balsam na Peru, ko da yake a ƙasar da ake kira El Salbado a yau ake samunsa. Sunan ya bi tashar da ake lodinsa zuwa Turai ne. Ta fuskar ilmin tsirrai ba shi da dangantaka da balsam na asali, hasali ma dangin wake ne. Suna dai bai sauya ba, amma abin da ke cikin kwalba ya sauya.

Sauyi na biyu: inda zaitun ba ya yi

Bishiyar zaitun tana buƙatar sanyin hunturu kafin ta yi fure sosai, don haka ba a nomanta a yawancin ƙasashe masu zafi. Akwai wani zaitun daji a duwatsun Ayar na Jamhuriyar Nijar, amma 'ya'yansa ƙanana ne, ba a matsar mai da su don kasuwa. Yayin da addinin Kirista ya bazu a Afirka da Asiya, sai majami'u suka dogara da man da ake kawowa daga Turai, wanda ke da tsada, wani lokaci ma yaƙi ko nisan hanya ya hana shi isowa. A watan Disamba na 1970 fadar Paparoma ta fitar da sabon tsarin keɓe mai wanda ya yarda a yi amfani da man wani tsiro idan hali ya sa, ya kuma yarda da wani turare a madadin balsam. A ranar 30 ga Nuwamba, 1972, Paparoma Bulus na Shida ya tabbatar da wannan game da man marasa lafiya, yana mai kafa hujja da wahalar samun man zaitun a wasu yankuna. Sharaɗin da aka bari shi ne man ya kasance na tsiro. Saboda haka man gyaɗa ko na riɗi ko na kwakwa yana iya shiga, amma man shanu da kitse da man da aka tace daga fetur ba su shiga. Duk da wannan sassauci, yawancin majami'u a Nijeriya, har da na Fentikos inda mutane ke sayen kwalba a kanti su kai a yi addu'a a kai, man zaitun suka fi so.

Sauyi na uku: tukunya ko na'ura

Hanyar tatsar zallan man ƙanshi da tururi ta bunƙasa ne a hannun masana Musulmi; Al-Kindi ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsa a ƙarni na 9. Ana tura tururi ta cikin furanni ko ɓawo, ya kwaso sinadaran ƙanshi, a sanyaya shi ya koma ruwa, man ƙanshin ya rabu da ruwan. Abin da ake samu kaɗan ne amma mai ƙarfi: ana buƙatar furen wardi tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo ɗaya na mansa.

A 2014 shugaban Cocin Kibɗawa, Paparoma Tawadros na Biyu, da amincewar majalisar bishop-bishop, ya haɗa miron a gidan ibada na Anba Bishoy da ke Wadin Natrun ta hanyar zuba irin waɗannan tatattun mayuka a cikin man zaitun, maimakon dafa itatuwa da saiwoyi na kwanaki. Masu goyon baya suka ce kayan haɗin ba su sauya ba, tatsar ce ta fi tsabta, kuma ƙanshin da dā ke salwanta a kan wuta yanzu ya tsira. Masu suka kuma suka ce dahuwar da addu'o'in da ke tafiya da ita gado ne da bai kamata a taɓa ba. Kimiyya tana da abin faɗa a nan, amma taƙaitacce: man da aka dafa da wanda aka haɗa da tatattun mayuka ba su zama daidai ba, domin dahuwa tana fitar da wasu sinadarai masu nauyi da launi waɗanda tururi ba ya ɗaukowa, tana kuma asarar wasu marasa nauyi. Wanne ya fi cancanta a ibada kuwa, wannan hukuncin masu addinin ne.

Sauyi na huɗu: tausayin dabbobi

Man da aka shafa wa Sarauniya Elizabet ta Biyu ta Ingila a naɗinta na 1953 yana ɗauke da abubuwa daga jikin dabbobi: miski, da ambar wanda ke fitowa daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, da kuma jibda, wadda ake yaɓowa daga jikin tunkun jibda da aka tsare a keji. Amfaninsu a turare shi ne ƙwayoyinsu manya ne, ba sa saurin tashi, sai su sa ƙanshi ya daɗe. Tun 1926 masanin sinadarai Liyofol Ruzicka ya gano ƙirar sinadarin jibda, abin da ya buɗe hanyar haɗa shi a masana'anta. Da aka zo naɗin Sarki Carles na Uku a 2023, sai aka bar kayan dabbobi gaba ɗaya. An tsinko zaitun a Dutsen Zaitun, aka matse shi kusa da Baitalami, aka sa masa riɗi da wardi da yasmin da kirfa da furen lemo da wasu, aka keɓe shi a birnin Ƙudus a watan Maris na shekarar.

Gargaɗi game da lafiya

Tunda mutane da yawa suna haɗa nasu a gida, akwai abubuwan kiyayewa. Zallan man kirfa yana ƙona fata, kuma balsam na Peru yana cikin abubuwan da likitocin fata suka fi gwadawa idan mutum yana fama da ƙaiƙayi da borin jiki. Tatattun mayuka ɗigo kaɗan ake sa wa a mai mai yawa, ba a sha, ba a sa wa a ido, ba a shafa wa jariri. Saiwar tsiron fadamar da muka ambata tana da wani sinadari da ya sa hukumomin Amurka suka hana sa ta a abinci tun 1968. A kuma kula da jabu. A ƙasar Sifen a 1981, an sayar wa talakawa man masana'antu da aka gurɓata da sinadari a matsayin man girki mai rahusa. Kimanin mutum 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu. Daga ƙarshe, shafa mai ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko ta tarin fuka. Manyan majami'un da muka ambata suna yi wa marar lafiya addu'a da mai, su ne kuma suka gina asibitoci da dama. Wanda ba shi da lafiya ya je a duba shi.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna duk wannan da kayan kasuwa. A samo kwalabe uku masu murfi. A zuba kanumfari cokali ɗaya a kowace. Ta farko a cika ta da ruwa, ta biyu da ta uku da man gyaɗa. A ajiye ta farko da ta biyu a inuwa mako biyu. Ta uku a sassauta murfinta, a tsayar da ita cikin tukunyar ruwan zafi awa ɗaya. A tace duka, a ɗiga kowanne a kan takarda, ɗalibai su sansana bayan minti biyar, bayan awa ɗaya, da kuma washegari, su rubuta wanda ya fi riƙe ƙanshi. Domin ganin lalacewar mai kuwa, a bar kwalba ɗaya a buɗe a rana, wata a rufe cikin duhu, a gwada warinsu bayan wata guda.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa haɗin man keɓewa ya sauya saboda mutuwar bishiya, da nisan kasuwa, da sabuwar fasaha, da kuma tausayin dabbobi, kuma yawancin sauye-sauyen sai da aka yi muhawara a kansu ko aka fitar da doka. Ƙa'idojin da ke ƙarƙashin aikin kuwa suna nan yadda suke tun zamanin masu jiƙa saiwa a ruwa: ƙanshi yana bin mai, zafi mai yawa yana kore shi, iska da haske suna tsufar da mai. Ɗalibin da ya gwada kwalaben nan uku a makaranta zai gane su da hancinsa kafin ya karanta su a littafi.